Ranar da Na Zaci Na Shanye Wutar Malam Bala

Wata Juma'a ce cikin kakar gyaɗa, ina aji uku a ƙaramar sakandare, Malam Bala mai koya mana kimiyya ya zo da wani ƙunshi ɗaure a bayan kekensa. Ya kwance tawul ɗin da aka naɗe kayan a ciki a hankali kamar mai buɗe jariri. Abu uku ne a ciki: sandar maganaɗisu, wanda muka fi sani da mayen ƙarfe, da wayar jan ƙarfe nannaɗe a jikin guntun bututu, bakinta biyu haɗe da wata 'yar na'ura mai fuskar agogo, allura ɗaya tsaye a tsakiyarta. Ya ce aro ya yi daga wata babbar makaranta a cikin Karaye, da alkawarin zai mayar lafiya. Ran Litinin zai nuna mana yadda ƙarfen nan ke ba da wuta ba tare da batir ba. "Kafin nan, kada wanda ya taɓa."

Ni ce da sharar ofis ranar, inda Malam ya ajiye ƙunshin. Sau uku na share ƙarƙashin tebur ɗaya, idona na kan tawul. Allah Ya yafe mini, ban san sa'ad da na yaye shi na zura maganaɗisun cikin bututun ba. Allurar ta yi tsalle gefe guda, sannan ta dawo tsakiya ta tsaya cik. Na hura mata iska, na ƙwanƙwasa gilashin da farce, ko gezau. Sai ga ƙarar makullan masinja, na mayar da tawul na fice, ƙarfen na cikin bututun.

Duk tsawon hanyar gida, can Tudun Kaya, tunanina ɗaya: wutar 'yar kaɗan ce, ta Litinin ce, ni kuwa na shanye ta. Da wane ido Malam zai dubi waɗanda suka ba shi aro?

Kwana biyun nan na kasa zaune na kasa tsaye. A gona ana tsinkar gyaɗa, ni ina zuba har da harawa a kwando. Aka aike ni rijiya na dawo da rabin tulu, na dama kunu ya yi gudaji, ƙawayena suka kira ni carafke duwatsun na zubewa daga hannuna. Ko a sallah sai in rasa raka'a nawa na yi. Kakata Inna ta bi ni da kallo ta ce, "Ke Sa'a, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Me kika ɓarar?" Na ce ba komai. Ran Lahadi da hantsi na ga Baba ya jera batiran rediyonsa a kan katanga suna shan rana, yadda yake yi in sun yi sanyi. Nan dabara ta zo mini.

Litinin tun kafin a buga ƙararrawa na durƙusa gaban Malam na faɗi abin da na yi, ina hawaye. Na ce, "Malam, a shanya ƙarfen a rana ko zai farfaɗo." Ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. "Zaro shi, Sa'adatu, idonki na kan allurar." Na zaro, ta yi tsalle ɗaya gefen! Ya ce ba wuta aka ɗura wa ƙarfen ba balle ta ƙare. Wucewarsa ta cikin wayar ce ke haifar da ita, in ya tsaya ta tsaya. Sannan ya ɗaure fuska. "Kayan mutane lafiya lau. Maganata ce kika taka." Sharar mako guda ya yanke mini, amma ni ya tsayar gaban aji ina turawa ina zarowa har hannuna ya gaji.

Yau a Unguwar Hajji nake aure, farantin sola a kan rufinmu. 'Ya'yana su jona waya su juya baya, ba wanda ya taɓa tambayata daga ina wutar take zuwa. Malam Bala ya riga mu gidan gaskiya ban samu na yi masa godiya ba, Allah Ya haskaka kabarinsa. Ina ma wani abu zai hana yaran nan sukuni don kawai ba su gane shi ba.