Abin da Maigida yake yi a bayanmu

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba haka yake ba a kan mutumin da ya riga mu gidan gaskiya. Amma lokaci ya ƙure mini, shi ya sa na rubuta.

Tun ina saurayi na shiga wata ƙungiyar rawa a Argungu. Wanda ya kafa ta shi ne yake tsara mana raye-raye, muna ce masa Maigida. Ba rawar da ya gada kawai yake koya mana ba, yakan ƙirƙiro tasa. Sai ya je bakin gulbi ya zauna yana kallon masunta, ya dawo ya ce mu tashi, ya samo sabon taku. Wadda ta fi yin suna cikin ayyukansa ita ce rawar homa, wato ragar kamun kifi. Muna shigowa fili kowa da homarsa da goransa, muna tafiya kamar masu ratsa ruwa.

A tsakiyar rawar akwai wurin da kiɗa yake tsayawa cak. Dukanmu sai mu juya wa Maigida baya, mu duƙa, mu kifa kai a kan gora. Makaɗa ma sunkuyawa suke yi. Shi kaɗai yake saura a tsaye, ya yi wani abu na ɗan lokaci, sannan ya buga goransa a ƙasa mu miƙe. Ko a wajen gwaji ba ya yin wannan wurin, sai dai ya ce mu duƙa, ya buga gora, a wuce. Abin da muke ji a fili shi ne jan ƙafarsa a ƙasa, da shirun da 'yan kallo suke yi. Na taɓa jin wata tsohuwa tana salati da muryar kuka.

Wata rana na ce masa, "Maigida, wai me kake yi idan mun duƙa?"

Ya ce, "Kifi na kallon mai homa? Kai dai duƙa. Ran da gwiwata tag gaza, kai zan koya wa."

Gwiwarsa ba ta gaza ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi da damina, Allah ya karɓi abinsa. Ƙungiyar ta watse, wasu suka koma noman shinkafa, wasu kabu-kabu.

Bana aka kira ni Birnin Kebbi in koya wa wasu ɗalibai rawar homa, za su nuna ta a wani taro, kuma za a ambaci sunan Maigida a matsayin mai ita. Na koya musu shigowa da jefa homa da juyi, duk yadda na karɓa. Da muka zo wurin duƙawa sai na rasa abin da zan koya musu.

Na hau mota na tafi Gulma wajen tsohon makaɗinmu, wanda na san ba ya iya riƙe idonsa. Na same shi yana gyaran albasa a zaure.

Ya ce, "Kai dai har yau ba ka bar sa wa kanka damuwa ba? Dubi yadda ka rame, awa kara."

Na ce, "Ka taɓa leƙawa ko ba ka taɓa ba?"

"Sau guda. Ƙafahu nig gani. Ɗaya a ƙasa, ɗaya ta ɗan tashi. Sai yah harare ni, nim mai da kai."

"Wacce ce ta tashi, dama ko hagu?"

"Mi kaka so in ce? Zaɓi wadda ta yi maka, duk nashi ne."

Na samu wani tsohon bidiyo na wani wasa da muka yi. Daidai lokacin da muka duƙa, mai ɗauka ya juya kan manyan baƙi, ana zuba musu lemo.

Ɗaliban nan yara ne masu kirki, amma sun gaji da ni. Shugabansu ya ce, "Baba, wa zai gane? Ku bar ni in cike wurin." Kafin in ba shi amsa ya yi tsalle ya wuntsila sau biyu. Masu shirya taron suna wurin, suka tafa, suka ce haka za a yi. Na ce musu a cire sunan Maigida ko a bar wurin shiru, suka ce in je in huta. Tun ranar abinci ba ya mini daɗi. Idan aka nuna ta haka, yaran za su koya wa na bayansu haka, a ce wa duniya Maigida wuntsile yake yi.

Mu da muka yi shekaru tare da shi ba mu gani ba. Ku da kuka tsaya kallo ku kuka gani. Don girman Allah, duk wanda ya taɓa ganin rawar homa a Argungu ko Augie ko wani ƙauye, ya tambayi tsofaffin masunta a bakin kasuwar kifi, za su nuna masa gidana. Ko ɗaga hannu ɗaya kuka tuna, ko inda ya fuskanta, ku zo ku faɗa mini. Idan kuma ba ku tabbata ba, ku ce mini ba ku tabbata ba.