Kwalbar da na wanke

Shekaruna tamanin da ɗaya a yau, abin da zan faɗa kuwa ya kai shekara hamsin, zamanin fari, sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba.

Mahaifina fataucen hatsi yake yi a kasuwar Katako. Ƙusa ta soke shi a ƙafa, ya raina ta, har dafin ciwon ya shiga jini. Da muka kai shi asibiti hannuwansa sun yi sanyi kamar randa, ba ya gane ni.

Lokotoro, wato likita, ya sa aka ɗaura masa ƙarin ruwa, aka kuma sa masa robar fitsari mai zuba cikin kwalba a ƙarƙashin gado. Wata ma'aikaciyar jinya, wadda ba ta kai ƙanwata ba, takan zo ta auna tansiyo, wato awon hawan jini, ta danna farcensa ta ga dawowar jini, sa'an nan ta duƙa ta leƙa kwalbar.

Wannan leƙen ne ya gagare ni. Dattijon da ko hularsa ba a taɓa gani a ƙasa ba, a ce sa'ar 'yar cikinsa tana duban fitsarinsa! Saboda haka duk sa'ad da ya taru, sai in zubar, in ɗauraye, in mayar. Sau uku tsakanin hantsi da azahar.

Lokotoro ya zo ya ga kwalba wayam, ya ce jiki bai karɓi ruwan ba tukuna, a ƙara biyu, a sake su da gudu.

Da la'asar numfashin Baba ya koma kamar tafasar tukunya. Ma'aikaciyar ta ɗaga kwalbar, ta ga ɗigon ruwa fari tas a jikinta.

"Malam, wa ya wanke wannan?"

"Ni ne, Madam. Mutuncinsa na tsare."

"Sau nawa?"

"Uku."

"Innalillahi! Wa ya ɗauke ka aikin shara? Da shi muke gane ko ƙodarsa ta farfaɗo! Ashe tun safe ruwan ya ishe shi, mu kuwa muna ta ɗura masa har ya hau huhu!"

Aka tsayar da ruwan, aka tada shi zaune, aka yi masa allura. Bai kai magariba ba.

Lokotoro ya ce ciwon ya riga ya yi nisa, mai yiwuwa ko ba haka ba da ya tafi. "Mai yiwuwa" ya ce, bai ƙara ba.

Ƙanen mahaifina yana tsaye a wurin, shi ne ma ya riƙa zuba mini ruwan buta ina ɗaurayewa. Da shi, da ma'aikaciyar, da wani manomi mai karayar cinya a gado na kusa, duk sun ga abin da na yi.