Hatsin da Ya Ƙi Zama a Gidan Mama

A gidanmu na Nguru, can bayan tashar jirgin ƙasa inda mahaifina ya yi aiki, akwai wasu ƙananan tukwane biyu da ba a girki a cikinsu. Da zarar azumin kwana arba'in na kafin Ista ya kama, sai mahaifiyata ta fito da su ta ajiye a bayan ƙofa, ɗaya ta gero, ɗaya ta shinkafa. Duk sanda za a ɗora girki, kafin a wanke hatsi, sai an ɗebi cikin hannu ɗaya an zuba a tukunya. Ɗiban hannu muke ce wa abin. Ranar Lahadin ganyen dabino, mako ɗaya kafin Ista, kowace mace ta kai nata coci a haɗa, ranar Asabar ta jajiberin Ista kuma a raba wa gidajen da ba su da shi, na Kirista da na Musulmi, ba a tambaya.

Ni ina yarinya na tsani al'adar nan, don a ganina tuwona ake ragewa. Ga shi kuma Allah ya yi ni da faɗin tafin hannu, saboda haka ni mahaifiyata take sa wa ɗiban. In na matse yatsu don in rage, sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Buɗe hannun, ina ganin ki."

Da na samu aikin koyarwa a wata firamare a Gashua, na yi aure a can, sai na tarar ɗiban hannu ya riga ni zuwa. Mai riƙe da shi a cocinmu wata tsohuwa ce Babadiya, wato 'yar ƙabilar Bade, da kowa ke kira Mama, har fasto. 'Yar siririya ce, mai saurin tafiya, ita ke buga tulu in ƙungiyar matan coci, matan zumunta, suna waƙa. In wa'azi ya yi tsawo sai ta fara gyaran murya, fasto kuwa ya san ma'anar wannan gyaran murya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta tilo ma ya bi shi, amma tana da gonar shinkafa a fadamar Katuzu, kuma daga gonar nan ta ciyar da mutanen da ba za su ƙirgu ba. Ba ta rubuta sunan kowa. A kanta take riƙe da gidan da miji ya kwanta ciwo, da gidan da aka haifi tagwaye, da gidan da kunya ta hana su magana.

A shekarar da nake ba da labari, ambaliya ta cinye gonar tun shinkafa ba ta nuna ba. Mun je mata jaje, ta kore mu da dariya. "Ruwa ne ya ari gonar," in ji ta, "zai dawo da ita." Muka yi dariya muka watse, muka kuma manta. Ranar Lahadi tana nan da zanenta a goge, tana buga tulu, wa zai ce wani abu ya same ta?

Maƙwabciyarta ce ta buɗe mini ido, wata Hajiya mai sayar da bandar kifi. A shekarar azuminsu da namu sun haɗu, na je sayen kifi da la'asar, tana ta shirin buɗa baki.

"Wushe, Malama," ta ce, wato sannu. "Ku dai mutanen coci, idonku a kan littafi yake kawai? Yaushe rabon da ku ga hayaƙi a gidan tsohuwarku?"

Na ce, "Ai azumi take yi, Hajiya."

"Mu ma azumin muke yi, amma in rana ta faɗi muna hura wuta. Kunun da nake aika mata da magariba, shi ne abincinta. Shi ma don mun saba musayar kwano ne take karɓa. Kuma kar ki kuskura ki ce mata taimako kika kawo, da tsintsiya za ta raka ki."

Kunya ta kama ni har na rasa hannun da zan riƙe kifin da shi. Mace tana kwana da yunwa a tsakiyarmu, mu muna tafi muna amsa mata waƙa.

Na kwana biyu ina saƙa da warwara, har na samo dabarar da na ɗauka ba wanda ya taɓa yin irinta. Na auni shinkafa mudu huɗu, na ƙulle a tsohon ɗankwalina mai ruwan goro, na kai mata. Na ce mahaifiyata ce ta aiko daga Nguru, wai ta ɗanɗana ta bana ta faɗi ko ta kai ta Katuzu. Mama ta murza ƙwayar a yatsa, ta ce ba ta kai ba, amma a gode wa mahaifiyar tawa. Na fito ina jin kaina. Ban gaya wa kowa ba, ko mijina, don kada ladan ya zube.

Lahadin ganyen dabino ta zo da zafin nan na bazara da ke sa bencin coci ya yi ɗumi tun da safe. Mun gama zagaye harabar da ganye a hannu, wasu na dabino, wasu na kaba don na dabinon bai isa ba, mata suna ta ajiye ɗiban hannunsu a gaban bagade, teburin nan na gaban coci, sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya a bakin ƙofa. Mama ta fito, ta sa direban ya fara sauke kaya. Abu na farko da ya shigo da shi, ƙullin ɗankwali ne mai ruwan goro, yadda na kai shi, ko kaɗan bai ragu ba. Sai bokitin fenti cike da wake. Sai rigar matashin kai cike da gero, an ɗaure bakinta da igiyar rama. Sai wani ƙaramin buhun dawa, sai kwalla, sai ƙwarya.

Mama ta tsaya a gaban jama'a fuskarta tana sheƙi. "Bana ban yi noma ba," ta ce, "amma ku ga yadda Ubangiji ya buɗa mini. Ban taɓa kawo kamar na bana ba."

Maza suka ɗauki tafi. Ni kuwa na sunkuyar da kai, na saci kallon gefe. Matar fasto ta zuba wa bokitin fenti ido, bakinta a buɗe. Wata ma'aikaciyar jinya da ke kusa da ni ta rufe fuska da takardar waƙa, kafaɗunta suna rawa.

Bayan sujada muka haɗu a gindin darbejiyar da ke bayan coci, ba wanda ya kira taro. Matar fasto ce ta fara. Ta ce ita ta gaya wa Mama wai ƙwari sun dami rumbunta, ta ajiye mata waken ta riƙa ci kafin ya lalace. Ma'aikaciyar jinya ta ce ita cewa ta yi wani majinyaci ne ya ba ta gero, yaranta kuma ba sa cin tuwon gero, alhali yaran nan har ƙanzo suke kankarewa. Wata ta ce mafarki ta yi. Ashe Hajiya mai kifi duk wadda ta je sayen kifi sai ta yi mata faɗan da ta yi mini, kowaccenmu kuma ta tafi ta ƙirƙiro ƙaryarta, ta ɓoye wa sauran. Mu shida, matan zumunta, cikin azumi, kowa da ƙaryarta a ƙulle! Muka yi dariya har na zauna a ƙasa ina share hawaye da gefen zane.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ma'aikaciyar jinya ta ce, "To, ke nan ko ƙwaya ɗaya ba ta ci ba."

Aka ce a sa fasto ya yi mata magana. Matarsa ta ce mu rufa masa asiri, tsoron Mama yake ji. Aka ce a faki ido a kai mata buhu a ajiye a zaure, aka tuna cewa keke zai sake dawo da shi. A ƙarshe duk suka juyo suna kallona, wai ni ce bakina ba ya da linzami. Ban musa ba, don gaskiya ce.

Ranar Alhamis da yamma muke yin wankin ƙafa, maza a gefensu, mata a namu, don tunawa da abin da Yesu ya yi wa mabiyansa kafin a kama shi. A ɓangaren mata, tun kafin in zo garin, Mama ce mai wankewa. Ita ke durƙusawa, ita ke tsokanar kowa da kaushin dunduniyarta, ba a taɓa ganin tata ƙafar a cikin ruwa ba. A ranar ina ganin an ajiye daro da tawul, sai na riga ta ɗauka, na je na durƙusa a gabanta.

Ta janye ƙafafunta ƙarƙashin benci. "Tashi, 'yar nan. Ba aikinki ba ne."

Na ce, "Mama, yanzu fa aka karanta mana labarin wanda ya ce ba za a wanke masa ƙafa ba. Kin ji amsar da Yesu ya ba shi, cewa in bai bari an wanke ba, ba shi da rabo tare da shi."

"Wa'azi za ki yi mini? Ina coci kafin a haife ki."

Nan raina ya ɓaci, na manta duk lallashin da na shirya. Na rage murya don ita kaɗai ta ji. "Shekara nawa kina ba mu, muna karɓa, ba mu mutu ba? Yau mun miƙo miki, kin mayar mana a gaban jama'a. Ke kaɗai kike son lada, Mama? Mu ba 'ya'yanki ba ne?"

Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Can sai ta turo ƙafa ɗaya. Da na kama idon sawunta, yatsuna biyu suka zagaye shi suka haɗu. Na wanke, na goge, ina ƙoƙarin kada hawaye ya ɗiga a daron. Ɗayar ƙafar ba ta bayar ba. Ta sa takalminta ta fita tun ba a yi addu'ar rufewa ba.

Ranar Juma'a na gaishe ta a ƙofar coci, ta wuce kamar iska ce ta yi magana. Duk tsawon sujadar ban ji kalma ɗaya ba. Tunanina shi ne na ci fuskar tsohuwa a banza, ga yunwar tana nan, ga shi yanzu ko ƙaryar ma ba za ta karɓa daga hannuna ba. Na roƙi gafara, amma a gaskiya ban san na me ba, don da za a sake ba ni daron, abin da na faɗa zan sake faɗa.

Asabar da safe muka taru a harabar coci don rabo. Na yi zaton ba za ta zo ba, sai na tarar ta riga kowa, tana zaune a kan kifaffen turmi, mudu a hannu. Aka shimfiɗa tabarmi aka juye hatsi, kowanne da tarinsa. Ta fara kiran gidaje kamar yadda ta saba. Gidan mai facin taya da ya karye. Gidan matar mai kamun kifin nan da ta haihu. Gidan tsohon mai gadi. Tana auna, tana faɗa, tana gyara wa mai ɗauri ɗauri, mata suna ɗauka biyu-biyu suna fita. Ni ko kallo ban ishe ta ba, na koma gefe ina riƙe bakin buhu.

Da rana ta take, gidaje suka ƙare, amma Mama ba ta ajiye mudu ba. Ta sake auna gero, ta auna shinkafa, ta ƙara wake, ta ce a ɗaure. Matar fasto ta ce, "Mama, wannan na ina ne?"

Mama ta kakkaɓe hannu. "Akwai wata tsohuwa can wajen bakin kogi, mai taurin kai, ga baƙin girman kai. Na daɗe ina tsallake gidanta." Ta ɗaga ido ta neme ni. "Ke, mai baki. Zo ki ɗauka, ya fi ƙarfina."

Sai ma'aikaciyar jinya ta callara guɗa, sauran suka kama, Mama tana ta cewa a yi mata shiru ba biki ake yi ba. Aka aza mini buhun a ka. Na ce mu tari keke, ta ce a ƙafa za mu je, kuma ta cikin kasuwa.

Tana gaba ina biye, gumi yana bin bayana. Mutanen kasuwa sun saba ganin ta duk shekara a irin wannan rana, da mace a bayanta ɗauke da kaya. Wani Alhaji mai shagon atamfa, cikin 'yan kasuwar nan da iyayensu suka zo daga Haɗejia, ya leƙo ya gaishe ta.

"Sannu da ƙoƙari, Mama! Bana kuma gidan wa za a kai?"

Na ji ta ja numfashi. Ba ta rage tafiya ba, ba ta kuma rage murya ba.

"Gidana, Alhaji," ta ce. "'Ya'yana ne suka ba ni."