Ranar da Ummi Ta Canja Zaurance

Wata Laraba cikin damina, ina aji huɗu a firamaren unguwarmu ta Madabo, Malama ta shigo da wata yarinya mai takalmin roba da aka ɗinke da zare, ta zaunar da ita a bencina. Sunanta Saratu, babanta ɗan dako ne, ba su daɗe da tasowa daga ƙauye ba. Tana buɗe baki ta yi gaisuwa aji ya ɗauki dariya, don tana jan magana irin ta mutanen karkara.

Mu 'yan matan cikin gari muna da zaurancenmu, muna cusa wani harafi bayan kowace gaɓa, kuma Ummi, wadda ta fi mu girma da baki, ita ke riƙe da shi. Wadda ba ta iya ba, ba ta shiga gaɗa, ba a raba awara da ita in an fita tara. A gaban Saratu ake zagin warin hayaƙin hijabinta da zaurance, ita kuwa tana ta murmushi. Ni ma da ƙyar aka karɓe ni saboda rashin maganata, don haka in an yi dariya nakan yi.

Ni da Saratu hanyarmu ɗaya zuwa injin markaɗe. A lungun, da bokitin gero a kanmu, ta roƙe ni in koya mata. Sati uku tana maimaitawa har bakinta ya faɗa. Ran da ta shirya, ta wanke takalminta, ta tsaya gefen masu gaɗa ta ce da zaurance tana son shiga. Ko kuskure ɗaya ba ta yi ba. Tafi ya tsaya cak. Ummi ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Wace ce ta ba 'yar ƙauye maganarmu?" Na sunkuya ina kallon tururuwa. Saratu ta dube ni sau ɗaya, ba ta faɗa ba.

Washegari Ummi ta canja harafin, ta bi mu tana raɗa mana a kunne, har da ni. Saratu ta gaishe mu da tsohon, aka amsa mata da sabon. Ta tsaya tana bin bakunanmu da kallo, kuma yanzu ta san irin abin da ake faɗa in ana wannan dariyar. Ba ta sake tambayata ba, ni ma ban yi mata tayi ba.

Yau 'ya'yana da Turanci suke ware 'yan'uwansu da suka zo hutu daga ƙauye. Ina jin su daga kicin, nakan tsawata, amma muryata ba ta fita da ƙarfi. Ban san inda Saratu take ba. Na so a ce ranar nan na ce ni ce.