"In Ruwa Ya Sauka"

Ko tsufa ya ɗauke mini komai, ba zai ɗauke mini daminar da mai shanun huɗa ya wulaƙanta ni ba. Lokacin ina koyarwa a firamare a Kabo, ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, albashi kuwa ba ya kai mu tsakiyar wata. Gonata ta Gammo ita ke ciyar da gidana.

Tun rani na je wajensa da shaidu biyu, na ba shi kafin alƙalami. Ya dafa ƙirji ya ce, "Malam, in ruwa ya sauka, gonarka zan yi." Na dawo gida hankalina kwance.

Ruwan shuka ya sauka, shiru. Na bi sawu, sai ga shanunsa a gonar wani Alhaji da ya fi ni tsoka. Kullum gobe, kullum jibi. Na nemi wasu masu shanun, duk an riga ni. Ina kallo dawar maƙwabtana ta kai gwiwa, tawa gonar ciyawa ce kawai. Da raina ya gama ɓaci na kai ƙara.

A gaban alƙali mutumin nan ko kunya babu ya ce, "Allah gafarta Malam, cewa na yi in ruwa ya sauka. Ai ko jiya ma ya sauka." Alƙali ya tambayi shaiduna ko an yanka rana. Suka ce ba a yanka ba. Na ce to abincin shekarata fa, wa zai biya ni? Ya ce babu rana, babu diyya. Abin da zai iya shi ne ya tilasta masa cika alkawari.

Ya kuwa cika. Ya zo da shanunsa cikin watan Agusta, ya yi mini huɗa mai kyau, har yana tambayata ko kunyoyin sun yi. Wallahi ji na yi kamar in shaƙe shi. Wake kaɗai na samu na jefa, shekarar nan awo muka yi har kaka ta zagayo.

Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa, rabin fushin kuma da kaina nake yi. Ni da nake koya wa yara kwanan wata, na kasa faɗar guda ɗaya a gaban shaidu. Tun daga nan, ko ɗan'uwana ne ya ce mini zai zo, ba na sakin hannunsa sai ya gaya mini wace rana.