Shuɗin Littafin da Ke Ƙasan Akwati

Gara in faɗa da bakina tun maƙwabta ba su riga ni ba: in akwai wawa a wannan labari ni ne, kuma wawa mai furfura, irin wanda ya fi wuyar magani.

Karatuna na lekol, wato boko, bai je ko'ina ba. Ina aji na biyar mahaifina ya cire ni, ya ce hannu yake bukata wurin ɗaurin kaya. Faransancin da na fito da shi bai wuce na gaisuwa da karanta allon bakin hanya ba, sai ɗan abin da na tsinta daga baya. Amma a unguwarmu wannan ya isa a kira mutum Mushe, kamar malamin lekol. Ni kuwa ban taɓa hana kowa ba.

Na daɗe ina gadin wani masaukin baƙi, zamanin da annasara ke zuwa su hau duwatsun Ayar su dawo da ƙonannen hanci. In za su tafi sukan bar littattafai, har da na 'ya'yansu. Malaman lekol da aka yi wa canjin gari su ma sukan jibge mini nasu, na kuma haɗa da ƙananan littattafan Hausa na yaƙi da jahilci. Da baƙi suka ɗauke ƙafa aka rufe masaukin, abin da na dawo gida da shi ciwon baya ne da akwatin ƙarfe cike da takarda. Tsohuwata, wato matata, ta leƙa ciki ta ce, "To, gara ta samu gado."

Gara ba ta samu ba, yaran unguwa suka samu. Bayan la'asar sai in shimfiɗa tabarma a zaure, in buɗe akwati, in zauna kamar alƙali. Kuma ina da doka, daga mahaifina na gaje ta, shi da ya sha bin ayarin Bilma. Yakan ce ba a aza wa ɗan raƙumi kantun gishiri a tafiyar fari. Ciyawa zai fara ɗauka, wata shekara dabino, sai ƙashinsa ya yi ƙwari a ba shi kantu. Haka na jera akwatin. A sama masu hotuna, su ne ciyawa. A tsakiya na Hausa da gajerun labarai, dabino ke nan. A ƙasa masu kauri da ƙananan baƙaƙe, gishiri. Yaro ya miƙa hannu ƙasa, in buge hannun da mahuci in ce, "Sai ka girma."

Ba zan ɓata kaina duka ba, na iya zaɓa wa yaro. Mai tsoro nakan ba shi na dabbobi masu wayo. Mai ƙiriniya in ba shi wanda aka ɓata a hanya aka sha wuya, ya ga inda ƙiriniya ke kai mutum. Littafin da yaro ya juya shafi kaɗan bai yi dariya ba, bai kuma zaro ido ba, nakan karɓe in ce wannan na akuya ne, kawo in canza maka. Wasu a zauren nan suka fara haɗa baƙi, yau sun girma suna gaishe ni daga kan babur.

Cikinsu duka babu kamar jikata, ɗiyar ɗiyata, wadda muka riƙe tun tana rarrafe. Amarya nake ce mata, irin wasan kaka da jika, ita kuma ta ce mini ango mai haƙori uku, alhali huɗu ne. Da amosanin jini aka haife ta. In sanyi ya shigo, ko ta yi gudu da yawa, sai gaɓoɓinta su kama ciwo, ta kwanta tana cije zane. Tunda wasan waje ya ƙi ta, sai ta koma wa akwati. Ta cinye ciyawa tun kafin ta yi wayo sosai, ta gama da dabino, wasu har ta haddace tana karanta wa ƙanwarta da ka in an kawo ta ziyara.

Akwai wani littafi can ƙasa, shuɗi, mai nauyi, da hoton jirgin ruwa a bango. A tsohon rawanina na naɗe shi. Yarinyar nan ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi na ƙoramar Telwa ba in ya kawo da damina, shi ma daga nesa, don ba a barin ta ta jiƙe. Ta ƙwallafa rai a kan jirgin nan.

"Ango, ba ni shuɗin."

"Gishiri ne. Sai kin girma."

"Na fi ka karatu fa."

"Kin fi ni baki dai. Ki samo sartifika ta gama firamare tukuna."

Ta samo, ta kawo mini takardar har zaure tana kaɗa ta a hancina. Na duba sama, na duba ƙasa, na ce hatimin bai fito sosai ba, a bari sai ta shiga kolej. Ta shiga kolej, na ce shekarar fari ba a ƙirga ta, ta koyon hanya ce. Takan yi fushi ta ce ta sake ni, in ce mace ba ta saki, ta ce a gidan nan tana yi. Tsohuwata tana jin mu daga madafa, takan ce, "Malam, ba ta mana, cinye shi za ta yi?" In ce mata harkar ilimi ce, ta tsaya ga tukunya.

Abin da ban gaya wa kowa ba, ni kaina shuɗin nan ya fi ƙarfina. Na sha buɗe shi in ba kowa, in yi shafi ɗaya ina gumi, kalmomi suna tsere mini kamar ƙadangaru a katanga. Na san halin amarya. In ta karanta za ta zo ta ce, ango, mene ne wannan, me ya sa wancan ya yi haka, a gaban yaran da ke ce mini Mushe. Sai na ɓuya a bayan ɗan raƙumin mahaifina. A raina ina cewa akwai lokaci, zan lallaɓa in gama shi a ɓoye sannan in miƙa mata kamar sarki.

Sanyin da ya biyo baya ya zo da ƙarfi. Ciwon ya tashi, wannan karo har ƙirji, muka kai ta gidan likita aka ɗaura mata ruwa. Kullum da hantsi nakan je in zauna gefen gadon in yi ta tsokanarta, wai ta kwanta ne don gudun wanke mini riga. Wata safiya ba ta rama ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Kaka, na girma yanzu?"

Ba ta taɓa ce mini Kaka ba sai ran nan. Na tashi na je gida, na zube ciyawa da dabino a tabarma, na ɗauko shi da rawaninsa.

Ta shafa jirgin da yatsa. Hannunta ya kumbura, ba ta iya riƙe shi, idonta kuma in ta kafa wa baƙaƙen sai kanta ya sara. Ta ce, "Karanta mini."

Na gyara murya irin ta masu labarai a rediyo, na fara. Layin fari na wuce lafiya. A na biyu na ci karo da wata kalma mai tsawon igiyar rijiya, na hau ta na faɗo, na sake hawa. Ido a rufe ta faɗa mini ita daidai, daga jin yadda na karya ta kawai. Na ci gaba, ta gyara, na ci gaba, ta gyara. Matar da ke jinya a gadon kusa ta juya baya kafaɗunta na rawa. Can sai amarya ta fara dariya, ƙirjin na ciwo tana yi.

"Ango mai haƙori uku," ta ce, "ashe tsoronsa kake ji. Da ka faɗa ai da tuni na karanta maka."

Na ce tabarau na manta. Ta ce ban taɓa mallakar tabarau ba.

Haka muka riƙa yi kowace safiya, ni da ido, ita da kunne, muna tafiya kamar jaki a rairayi. Mun kai inda aka gama lodi, mutanen jirgin suka yi sallama da iyalansu, aka kwance igiya. Jirgin bai ko fita daga gaɓa ba. Washegari na zo da littafin a hammata na tarar da ɗiyata zaune a ƙasa bakin ƙofa, ta rufe kai da mayafi.

Bayan an share makoki na mai da shi cikin rawani, na sa a ƙasa, na jera sauran a kai, na rufe. Har yau ban san inda jirgin ya je ba. Zaure ya daɗe babu tabarma. Yara su leƙo su gaishe ni su wuce, ba mai tambaya.

Tsohuwata ce ta matsa, ta ce yaran mutane ba su yi mini laifi ba. Da damina ta kama na sake buɗewa. Suka dawo kaɗan kaɗan, har da ƙanwar marigayiya, wadda aka kawo mana don gidan ya rage shiru. Ita lafiyarta ƙalau, ƙafarta ba ta zama, bakin kuwa na yayarta ne sak.

Ran nan ina ba wani yaro na dabbobi, sai na ga hannunta ya nutse cikin akwati har kafaɗa. Ta jawo rawanin, shuɗin bango ya leƙo. Wallahi ban yi shawara da bakina ba. Mahuci ya sauka a hannunta, na ji muryata tana cewa, "Gishiri ne. Sai kin girma."

Tsohuwata tana bakin ƙofar zaure da tiren shayi. Ta ajiye shi a hankali, ta miƙe ta dube ni.

"Waccan ma haka ka ce mata, Malam. Da wa kuka yi alkawarin girman?"