Ɗan Yatsan Hagun Baba

Ina Agadas Inna ta kira ni, ta ce Babanku ya daina cin abinci saboda kwamfuta. Na yi dariya har da buga cinya. Ita ba ta yi ba.

Na iso Arlit na tarar da shi a zaure, ya rufe kwamfutar ya ɗora carbi a kai. Tun da ya bar aikin kamfanin ma'adinai, inda ya tsufa yana buga takardu a ofishin ajiyar kaya, da ita yake rage zaman banza. Yana buga wa mutane takardar neman aiki da katin biki. Yayana ne ya sayo ta a Kano, haruffan da ke jikinta jerin Ingilishi ne, amma an saita cikinta a jerin Faransanci, wanda yatsun Baba suka sani. Bai taɓa duban kilabiye ba, wato maɓallan haruffan, allo kawai yake kallo.

Ya ce, “In na buga A, sai Q ta fito. In na nemi M, sai wata alama. 'Yar nan, hannuna ya fara yi mini ƙarya.”

Na san abin da yake tsoro, duk unguwar ma ta sani. Amininsa da ya yi aiki cikin ramin ma'adinai, da hannu ciwonsa ya fara. Kofin shayi ya dinga suɓuce masa, sai ƙafa ta biyo baya, sai harshe, kafin shekara ta zagayo an kai shi makwancinsa. Likita bai ce ramin ne ba. A garinmu ba a tsawaita irin wannan magana, sai dai mutum ya dubi tsibin ƙasar ramin da ke bayan gari ya ce Allah ya kyauta.

Na buɗe na duba. A kusurwar allo, inda ya kamata a ga alamar Faransanci, ta Ingilishi ce zaune daram. Na danna, na mayar.

“Haba Baba! A kan wannan ka bar tuwon Inna? Buga mu gani.”

Ya buga sunansa, ya fito tsaf. Ya buga Bismillah. Sai ga Baba yana dariya da ƙwalla, yana zagin mutanen Kano da kayansu. Ranar ya cinye tuwonsa tas, ni kuwa na dinga hura hanci kamar na yi wani abin kirki.

Washegari da hantsi ya ƙwala mini kira. Ta sake juyewa.

Na mayar. Kafin azahar ta kuma juyewa. Raina ya ɓaci, don ni ba na son abu ya raina mini hankali. Na zare batir, na kaɗe rairayin da ke tsakanin maɓallai da tsohon burushi, har Inna na zarga da taɓawa garin shara. Ta ce ita ko kallon abin ba ta yi. Daga nan na tuna cewa in aka danna Shift tare da Ctrl, maɓallin da ke ƙarƙashinsa, kwamfutar kan sauya jeri da kanta. To, wa ke danna su tare?

Na jawo kujera na zauna a hagunsa, na ce ya buga mini kwanan wata. A jerin Faransanci lamba ba ta fitowa sai an riƙe Shift, kuma da ɗan ƙaramin yatsan hagu Baba ke riƙewa tun ina goye. Shi yana kallon allo, ni ina kallon hannun. Yatsan ya hau Shift, ya yi rawa, ya zame ƙasa ya kwanta a kan maɓallan biyu. Baba bai ji ba. Alamar kusurwa ta juye.

Daidai lokacin aka tashi nakiya can wajen ramin, kwanon rufin zauren ya amsa kamar kullum, amma sai da na zabura.

Maimakon in yi magana, sai na yi abin da na iya. Na shiga saiti na kashe wannan hanyar sauyin gaba ɗaya, na cire Ingilishin ma. Na ce, “Yanzu kam ko aljani ne ba zai juya ta ba.”

Haruffa suka zauna lafiya. Ya zo kan lamba, yatsan ya kasa riƙewa, wasu alamomi suka fito a madadin shekara. Ya goge, ya sake, haka dai. Ya dubi kusurwar allo, ya ga Faransanci na nan bai motsa ba. Sannan, a karo na farko a rayuwata, na ga Baba ya sunkuyar da kai ya dubi kilabiye. Ya daɗe yana kallon yatsan.

“Kin gyara ta sarai?”

“Na gyara, Baba.”

“To, mayar mata da ciwonta.”

Na ce gobe mu kama hanyar asibiti. Ya ce za mu je, amma ba yau za a gaya wa Inna ba, ita ce ta zauna da matar amininsa har ƙarshe, ta san kowane mataki. Na mayar da Ingilishin, na kunna abin da na kashe, hawaye na hana ni ganin allon.

Inna ta leƙo da butar shayi. “An dace?”

Baba ya tura hannun hagunsa cikin aljihun riga, ya miƙa na dama ya karɓi kofi.

Ya ce, “Ina fa! Kayan Kano ne, ta ƙi gyaruwa.”